Rabin Kilon da Ya Kai Ni Maraɗi

Wata uku Alhaji yana kirana daga Maraɗi, magana ɗaya yake maimaitawa: ayar da ke cikin sito ta fi wadda ke cikin kwamfuta yawa. Ni na rubuta masa manhajar da yake shigar da awon aya da riɗi idan manoma sun kawo. Na gwada ta a Kano har na gaji, lissafinta bai taɓa kucewa ba. Da abin ya ishe ni sai na saka kwamfutata a jaka, na ce gani ya kori ji.

Bayan asuba motarmu ta tashi. Muka wuce Dawanau ana ta sauke buhuna, muka bi ta Bichi, Tsanyawa da Kankiya, hantsi ya yi mana a Katsina. Daga can na sake mota zuwa Jibiya. Tsakanin Magama da Ɗan Isa kuwa tafiyar ta zama ta tsaya-ka-tafi: a kowane shinge direba ya kashe mota, a buɗe but, a duba kaya da takardu, sannan a ɗaga hannu mu wuce. Fasinjoji na ta ƙorafi, ni kuma ina kallon aikin da zan je yi, domin haka muke wa manhaja. Ita gudu take, layi dubbai kafin ƙiftawar ido, ba mai iya ganin abin da ta ɗauko. Sai ka kafa mata shinge a kan layin da kake zargi, ta zo nan ta tsaya cak, ka zazzage kayanta.

La'asar na isa. Alhaji ya ce a ci abinci tukuna, aiki ba ya gudu. Sai da safe na zauna a teburin akawunsa, wani dattijo mai tsabtar rubutu, da littafin awo a gefensa duk da akwai kwamfuta. Wannan littafin shi ya cece mu daga baya, kuma tun daga ranar na daina ganin wauta ce a riƙa rubuta abu sau biyu.

Na buɗe Visual Studio Code, na je layin da ke karɓar nauyin buhu, na danna F9. Jan ɗigo ya fito a gefen layin. Na danna F5 manhaja ta tashi, na miƙa hannu zan shigar da awo, sai na fasa. Wata uku hannuna ke gwajin, kuma hannuna bai taɓa haifar da matsalar ba.

"Baba, ku shigar da kanku, yadda kuka saba."

Ya ɗan yi laluben haruffa, domin allon rubutunsa na Faransanci ne, A tana zaune inda Q take a nawa. Aka ɗora buhu a sikeli, ya rubuta, manhaja ta zo kan jan ɗigon ta tsaya. A ɓangaren hagu, inda ake nuna abin da kowane suna ke riƙe da shi, na ga 48,5. Na danna F10, wato taku ɗaya gaba. Nauyi ya koma 48.

Jikina ya yi sanyi. A makarantun Nijar da waƙafi ake raba cikakken adadi da guntunsa, mu a Nijeriya da ɗigo. Umarnin parseFloat na harshen JavaScript, wanda na sa ya mayar da rubutu lamba, ɗigo kaɗai ya sani. Idan ya ci karo da waƙafi ba ya kuka, ba ya nuna kuskure, sai ya ɗauki abin da ya gabata ya watsar da saura. Shi ya sa bayanan da suke turo mini Kano ba su nuna komai ba, tun kafin a adana su guntun ya riga ya zube. Baba bai yi laifi ba, yadda aka koya masa a lakwal ya rubuta. Ni ne na ƙera wa Maraɗi abu da idon Kano.

Gyaran layi biyu ne. Na kuma kafa shinge mai sharaɗi, wanda ba ya tsayar da manhaja sai rubutun na ɗauke da waƙafi ko tazara, domin su dubu ma da tazara suke raba ta, 1 250 sai ta zama 1. Muka wuni ana awo, ina bin kowane buhu da F11 har cikin lissafin kuɗi.

Abin da ya hana ni barci shi ne masu ayar. Manhajar ce ke fitar da abin da za a biya, don haka kowane rabin kilo da ta haɗiye haƙƙin wani manomi ne. Na faɗa wa Alhaji haka ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi shiru, sannan ya ce wa Baba ya ɗauko littattafan tun daga farkon kaka.

Kwana biyu na ƙara a kan wanda na yi niyya. Baba na karanto suna da awo, ni ina fitar da cikon kowa da sefa. Ranar da zan kama hanyar Ɗan Isa, an riga an aika yaro a babur ya sanar da ƙauyuka uku na farko.