Hunturun Cin Bashi

Idan aka tayar da zancen korona a Kano, kulle ake fara tunawa: Afrilun 2020, azumi ya kama, kasuwanni a garƙame, masallatan Juma'a wayam, ga labarin rasuwar dattawa yana zuwa safe da yamma. Ni ma ban manta ba. Sai dai a gidana da gidajen ire-irena, ba kullen ne ya fi gasa mu ba. Hunturun da ya biyo baya ne, daga Disamba zuwa Fabrairun 2021, lokacin da gari ya buɗe, kowa ya kama gabansa, aka ɗauka an sha da ƙyar an wuce wurin.

A lokacin kulle, abu ɗaya ne ya dami kowa, kuma watan azumi ne, hannun mutane a sake yake. Mai hali yakan aiko da kwanon gero ko na sukari. Mai gidan haya yana jin nauyin ya buɗe baki ya tambayi kuɗinsa. Sannan akwai abin ɗagawa a ɗaki: tunkiyar uwargida, 'yan kunnenta, tsohuwar fanka. Kafin sanyi ya shigo, an sayar da na sayarwa, an cinye na ajiya, masu taimakon ma sun koma lissafin nasu gidajen.

Lissafi nake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ko a zaman lafiya albashina bai kai naira 30,000 da gwamnati ta yanka a lokacin a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Irin makarantunmu da kuɗin iyaye suke rayuwa, ranar da yara suka daina zuwa ranar albashi ya tsaya. Tun watan Maris aka rufe, ba mu sake ganin allo ba sai Oktoba. Da aka koma, gwamnatin jiha ta umarci makarantu masu zaman kansu su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin makaranta. Iyaye sun yi murna, kuma suna da gaskiya, don su ma a matse suke. Amma ragin a kan malamai ya sauka. Muna cikin lallaɓawa da rabin albashi, sai aka sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rufe makarantu a Kano. Na dawo gida da alli a aljihu, ba kuɗin wata.

Kasuwa kuwa ba ta jira kowa ba. Litar fetur ta haura naira 160, an ƙara kuɗin wuta, ƙasar ta faɗa karayar arziki. Iyakokin da aka rufe tun Agustan 2019 sai ranar 16 ga Disamba aka buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari, shinkafar waje kuma tana nan a haramce. Bisa al'ada kaka takan karya farashin hatsi, talaka ya ɗan numfasa. A shekarar ba mu ga wani sauƙin kirki ba. Ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi da gonakin Jigawa, 'yan bindiga sun hana noma a sassan Katsina da Zamfara, a Zabarmari kuma an yi wa manoman shinkafa yankan rago a ƙarshen Nuwamba. Hukumar ƙididdiga ta ce tsadar abinci ta kusa kashi 20 cikin ɗari a Disamba. Mu a gaban mai awo muka san haka. Albasa ma sai da ta gagari miyarmu na ɗan lokaci.

Wanda bai taɓa shiga sanyi da aljihu wayam ba bai san sanyi yana cin kuɗi ba. Da zafi, yaro ya watsa ruwan randa ya fita. Da hunturu sai an ɗora ruwa, na wanka, na alwalar asuba, kowanne da gawayinsa. Cikin yara yana buɗewa, abincin da ya ishe su da bazara ba ya kai su la'asar. Ƙafa ta yi kaushi ta tsage, leɓe ya bushe, ana neman man shafawa. Rigunan sanyin bara sun yi wa manyan kaɗan, sai aka gangara da su ga ƙannensu, babbar 'yata kuma na je Ƙofar Wambai na zaɓo mata gwanjo bayan dogon ciniki. Ga mura da tari, abin da kowace shekara muke yi ba mu damu ba. A wannan karon, da yaro ya yi tari cikin dare sai gabana ya faɗi sau biyu: tsoron cutar da ake cewa ta dawo zagaye na biyu, da tsoron kuɗin magani.

Na nemi aiki duk inda na ji ƙishin-ƙishin. Koyar da yara a gida shi ne abin da na iya, amma iyayen da za su iya biya suna tsoron baƙo ya shigo musu da cuta, waɗanda ba sa tsoro kuma ba su da abin biya. Wani abokina ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa a Dawanau, ina rubuta masa buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, ran da aka yi lodi a sallame ni, ran da ba a yi ba in dawo da kuɗin motata a ciki. A can na ga masu digiri suna dako, sun rufe fuska da takunkumi, kuma na san ba cutar kaɗai suke ɓoye wa ba. A tsakiyar Disamba aka ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa, in ba haka ba a toshe. Jama'a suka yi dafifi a wuraren rajista tun kafin gari ya waye, cikin hazo. Nakan je da biro da katako in zauna gefe, ina cike wa tsofaffi da mutanen ƙauye fom, kowa ya ba ni abin da ya sawwaƙa. Wata tsohuwa ƙullin gyaɗa ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, shi ke gare ni." Na karɓa da hannu biyu, yarana suka ci a daren.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba abin da nake samowa ne ya riƙe gidan ba. Mai ɗakina ce. Da kuɗin adashen da ta kwasa ta sayi waken suya ta fara awara. Tun dare za ta jiƙa, da sassafe a kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, ta ɗaure a ƙyalle ta danne da dutse. Hannunta a cikin ruwan sanyi, har fatar ta dare. Da yamma yaran unguwa su yi layi a zaure da 'yan goma da ashirin ɗinsu. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma daga ita ake sayen garin tuwo da kuka da daddawa, dusar waken kuma a sayar wa masu kiwo. Ban taɓa jin ta yi mini gori ba. In na shigo hannu rabbana, abin da take cewa shi ne, "Malam, sannu da zuwa, ga ruwa na ɗumama." Na bi gidajen abokaina malamai a zuci, kusan kowanne haka abin yake: ɗanwake, ƙosai, kitso, ɗinkin hula. An yi ta zancen tallafin korona, an ga rumbunan da aka fasa a wasu jihohi a watan Oktoba, amma ban ji wanda ya tsaya ya lissafa gidajen da kaskon suyar mata ya rufa wa asiri ba.

Sai mai kantin bakin layinmu. Ba attajiri ba ne, shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba, shi ma a Singa yake karɓo kaya, wani lokaci bashi. Yana da littafi mai baƙin bango, kowane gida da shafinsa. Namu ya cika ya juya: taliya, sabulu, man gyaɗa, ashana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake bayarwa. In na zo da mutane a wurin, sai ya ɗaure kayan ya miƙo mini ya ce, "Malam, ga saƙonka," kamar na riga na biya. Sai kowa ya watse yake ɗauko littafin. Mutumin da ake gaisarwa da girma a unguwa, wanda ya koyar da rabin yaran layin, ba abin da ya fi yi masa nauyi irin a ji shi yana cewa a rubuta. Ya san haka, bai taɓa bari na faɗa ba.

Ranar 18 ga Janairun 2021 aka koma makaranta. Ajina ya ragu, wasu an mayar da su makarantar gwamnati, wasu an kai su kasuwa. Cikin malamai ma akwai waɗanda ba su dawo ba, ɗaya ya kama tuƙin A Daidaita Sahu, ya ce balas ɗin kullum ya fi masa jiran albashin da ba shi da rana. Allurar rigakafi ta iso ƙasar a farkon Maris, lokacin sanyi ya riga ya ɗaga.

Bashin kanti kuwa sai da damina ta yi nisa na gama biya, kaɗan-kaɗan. Ranar da na kai cikon, malamin lissafin da ke cikina ya kasa yin shiru. Na dubi farashin da ya rubuta a Disamba, na dubi na ranar, na ga kuɗin da na mayar masa ba za su sayo masa kayan da ya ba ni ba. Kwalin taliya ya tashi, man gyaɗa ya tashi, kantarsa ta sama da a da take cike yanzu rabi ce. Kuma ba ni kaɗai ba ne a littafin, wasu ma sun tashi daga unguwar ba su biya ba. Na ce, "Alhaji, ai ka yi asara a kanmu. Bari in ƙara wani abu a kai." Ya girgiza kai, ya ja layi a shafin. Ya ce abin da ya rubuta shi zai karɓa, ƙari a kan bashi riba ce, shi kuma ba zai ci ba.