Haɗejiya: Garin Kifi Da Shinkafa, Da Shayin Da Muka Raina

A wannan watan gabas za mu nufa, ƙasar Haɗejiya ta Jihar Jigawa. Na san da jin sunan garin kifi ne ya fara faɗo miki a rai, to ki ɗan ajiye kwandonki tukuna, yau shayi za mu je sha.

Idan kika taso daga Kano ta hanyar Gezawa, kika wuce Ringim da Taura, za ki iske Gujungu, inda kasuwa ke ci ranar Lahadi. Tun daga wannan yanki za ki lura ƙasar iri biyu ce. Akwai tudu mai rairayi, wato jigawa, inda ake noma gero da riɗi da wake, akwai kuma fadama mai baƙar ƙasa da ke bin kogi. Kogin nan ruwan Kano ne da na Challawa suka haɗu suka gangaro ta Wudil, yana wuce Haɗejiya sai ya rarrabu, ya malale cikin dausayin da ya kai har Nguru, ragowarsa ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan ya canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa. Duk da haka garin na nan da harkarsa, kamar yadda yake nan da alfaharinsa na cewa a 1906 Sarki Muhammadu bai miƙa wuya ga Turawa ba, a fagen daga ya rasu.

Ki zo da hunturu in kina son ganin darajar shayi. Sanyin bakin ruwa daban ne da na cikin gari, yana shiga har ƙashi. Masuncin da ya kwana a kwalekwale, da mai ban-ruwan alkama a Auyo, da direban da ya yi lodin busasshen kifi zai nufi kudu, duk a bencin mai shayi suke haɗuwa da sassafe. Mai hali ya ce a yi masa haɗin kauri da ƙwai, marar hali ya sha ruwan bunu da burodi ya yi godiya. Da yamma kuma matasa ne a majalisa, an ɗora 'yar buta a kan gawayi ana dafa shayin Buzaye, ana ɗaga shi sama ana tsiyayawa har ya yi kumfa.

A waɗannan wurare ake jin ƙorafi, kuma kusan iri ɗaya ne da wanda maigida ke yi miki. Wai ganyen yanzu ba shi da ƙarfi, wai an daina kawo mai kyau. Mu fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba: Lipton da muke kiran kowane ganye da shi sunan kamfani ne. Baƙin shayi da koren da Buzaye ke dafawa kuwa bishiya ɗaya ce ta haife su. Idan aka murza ganyen aka bar shi ya sha iska har ya rine, shi ne baƙi. Idan aka yi maza aka gasa shi ko aka turara tun yana ɗanye, sai ya zauna a korensa. Bishiyar tana son ruwan sama mai yawa da sanyin tsauni, shi ya sa ko an kafa ta a fadamar Haɗejiya ba za ta yi ba. Sin da Indiya da Kenya ne manyan masu noma ta, kuma koren nan na majalisa yawanci daga Sin yake zuwa. A Nijeriya ana noma ta a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, a Kakara da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna, inda ake yin shayin Highland.

Za ki ji ana cewa abin da ke cikin 'yar jakar nan mai zare shara ce da aka share a ƙasan masana'anta. Ba haka ba ne. Ganye ne da aka niƙa ƙanana don ya saki launi da wuri, sai dai saboda ƙanƙantarsa yana saurin rasa ƙamshi. To a nan laifinmu yake shigowa. Ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ya kusance shi. Ki ajiye shi a buɗe kusa da daddawa, ko bandar kifin da aka kawo miki tsaraba, ko turaren wuta, gobe ki ce mai kanti ya cuce ki. Gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi, shi ne maganin wannan. Ruwa ma yana da nasa: na rijiyar da ke da zartsi yana dusashe launin shayi ya bar wani maiƙo a samansa, komai tsadar ganyen.

Haka nan zancen cewa sai ya yi baƙi ƙirin ya dahu. Minti uku zuwa biyar sun ishi baƙin shayi a tafasasshen ruwa, abin da ke fita bayan nan yawanci bauri ne, shi ke sa a yi ta antaya sukari. Wannan baurin yana da wata illa da ta shafe mu mata kai tsaye: yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini daga abincin da aka ci tare da shi. Mai juna biyu, da mai jego, da yaron da aka yaye, gara a ba da tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Kada kuma a ruɗe ki da cewa kore ba ya hana barci. Sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa yana cikinsa. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya kuwa, da yawansu ganyen filasko ake sa musu, ko danginsa. Kakanninmu sun san aikin filasko, gudawa yake sawa. Ruwan jikinki ne ke tafiya, kitsen yana nan.

Yanzu mu hau tudu, don a can labarin da ya fi ba ni mamaki yake. Idan kika fita ta wajen Malam Madori ko Kaugama da kaka, bayan an yanke gero, za ki ga wani jan abu a tsaye a gonaki, wani wuri a layi, wani wuri a gefen iyaka. Yakuwa ce, wadda kike miya da ganyenta, kuma da 'ya'yanta ake daddawar batso. Jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar shi ne zoɓo. Mutane kan ce fure ne, amma furen yakan buɗe ya faɗi, sai gindinsa ya kumbura ya yi nama. Mata da yara ne ke yawan aikin ɓare shi, ga ƙaiƙayi ga tsami mai cin yatsu, sannan a shanya.

Mu a nan abin ƙullawa ne a leda a ba yara su kai makaranta. Ana fitar da shi waje sai sunansa ya canza. Alhazai sun san shi da karkade a wajen 'yan Masar da Sudan, waɗanda ke shan sa da zafi kamar shayi. A Senegal bisaf ne. Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayen na Nijeriya, hamaika take ce masa. A Jamus da wasu ƙasashen Turai shi ne ke ba shayin 'ya'yan itatuwa jan launi da tsami. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, dillalai na tara shi daga kasuwannin ƙauye da manya irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, a kai Kano a tsince, a ɗaure, a nufi tashar jirgin ruwa ta Legas. Ba abin mamaki ba ne ya dawo miki cikin kwali mai hoton fure, ki saye shi da tsada a babban kanti ki ajiye wa baƙi.

Manomi na kukan dillali ya karya farashi, dillali na kukan manomi ya haɗa masa da yashi. Ni dai a ganina kowa na da gaskiyarsa, amma kukan dillalin ne aka fi iya gyarawa a gida. Zoɓon da aka shanya a ƙasa zai kwashi rairayi da kashin awaki. Wanda aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, ko aka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, zai yi fumfuna kafin ya kai Legas. Masu saye a waje suna duba tsabta da bushewa da ƙwari kafin komai, kuma suna iya ƙin kaya gaba ɗaya a kan wannan. Tabarma ko leda mai faɗi a wajen shanya kan raba buhun da za a yi rububinsa da wanda za a taya da wulaƙanci.

Game da lafiya, zoɓo ba shi da sinadarin hana barci, don haka ya fi dacewa da dare. Bincike ya nuna yana ɗan saukar da hawan jini, amma ɗan saukarwa ce, ba ta kai a ajiye ƙwayar asibiti ba, kuma in kin cika shi da sukari kin ba da hannun dama kin karɓe da hagu. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta mayar da shi abin shan kullum.

Idan za ki sayi na tsaraba, ki damƙa ki ji yana ƙaras-ƙaras, ki shinshina, ki girgiza mudun ki duba abin da ya kwanta a ƙasa. Kada baƙinsa kaɗai ya ja ki, akwai mai duhu akwai mai haske, kowanne da irinsa, mai hasken ma sau da yawa ya fi tsami. In kin koma gida ki ɗauraye rabin tafin hannu, ki zuba masa tafasasshen ruwa tare da citta da kanumfari biyu ko uku, ki rufe minti goma. Kada ki bar shi ya kwana a tukunyar ƙarfe ko ta dalma, tsaminsa yana cin su. Ki kai wa maigida da zafinsa a kofin shayi, buhun kuma a yi masa wuri daban a mota, nesa da kwalin kifi.