Mai Masauki Kafin Baƙi

A da, a Zangon Kumasi, fataken goro kan sauka a gidan fatoma, wanda ya tanadi ɗaki da ma'ajiya tun ayari bai iso ba. Shi ya sa nake kiran babbar kwamfutar da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo "mai masauki", su kuma "baƙi".

Ɗalibaina kan ƙosa su haɗa Kubernetes da hannunsu, ni kuwa nakan tsare su kwana biyu a kan mai masaukin. A kunna VT-x a BIOS, in ba haka ba KVM ba zai yi aiki ba. A yanka wa kowane baƙo rabonsa na ƙwaƙwalwa, a ba shi adireshin IP tsayayye, a daidaita agogo, domin takardun shaidar TLS ba sa yafe saɓanin lokaci.

Wuta ce ta fi damuna. Kundin etcd, madogarar tarin duka, ba ya daina rubutu kan faifai. Ko an yi masa kwafi uku, a inji ɗaya suke kwana, dumsor guda ta ishe su. Saboda haka UPS nake fara saya, ƙarin RAM ya jira.