Irin Kuɓewar Mama

A littattafaina na kashe mutane da dama. Shafi biyu sun ishe ni: a yi kuka, a yi zaman makoki, labari ya ci gaba. Da Mama ta rasu a watan Afrilun 2021, ana saura kiris ruwan farko ya sauka a Wusasa, sai na ga ashe rashi ba ya ƙarewa a shafi biyu. 'Yan Zumuntar Mata sun yi mana kwana uku suna waƙa, fasto ya yi wa'azin tashin matattu, na ce amin da baki, amma zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa.

Da muka zo raba kayanta, a ƙarƙashin gado muka tarar da gwangwanayen madara guda biyar. Mama ba ta yi boko ba, don haka kowane gwangwani da launin tsumman da ta ɗaure masa: ja na kuɓewa, fari na yakuwa, shuɗi na kabewa, sauran alayyahu da wake. Waken ta cuɗe shi da toka saboda ƙwari. Ƙannena suka ɗauki zannuwa da kwanuka, ni aka bar mini gwangwanaye, wai ai ni ce mai zaman gida.

Na shuka su a bayan ɗakinta ne don kawai kada su lalace. Jama'a, wanda bai taɓa riƙe irin kuɓewa a tafinsa ba, ya je ya duba. Ɗan ƙwallo ne busasshe mai launin ƙasa, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Na tura shi cikin rami na rufe, hannuna na rawa, don kuwa ko wata biyu ba a yi ba da muka rufe mai shi. Ba a yi sati ba ya tsago ƙasa. Kafin wata biyu ga fure ruwan ɗorawa mai jan ciki, wanda ko kusa bai yi kama da abin da na binne ba.

A nan ne sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa ta zauna mini, inda ya kwatanta binne mamaci da shuka iri. Tun ina makarantar Lahadi nake jin ta, amma sai a tsugune cikin kunya, da laka a gwiwa, na fahimta. Kukan bai tsaya ba, har yau in na ji ƙamshin miyar yakuwa sai na bar tsakar gida. Sai dai na daina ganin kabarinta a matsayin ƙarshen zance.

Ranar godiyar kaka na kai kabewa biyu da kwandon busasshiyar kuɓewa gaban bagadi. Da aka zo gwanjo bayan sujada, wata tsohuwar ƙawar Mama ta saye kabewar, ta ce mini, "'Yata, ciki zan ci, 'ya'yan kuma zan shanya in aiko miki, kada irin ya ɓace." Ta aiko su a ƙulle cikin shuɗin tsumma.