Wa wayarka take fara tambaya idan ka rubuta sunan shafi?

Yau ba darasin "danna nan, danna can" na zo da shi ba. Wani abu ne da na daɗe ina so mu tattauna, domin tun da na fahimce shi na daina zargin kamfanin layi a kan kowace matsala ta intanet.

Waya da kwamfuta ba su san suna ba, lamba suka sani. Idan ka rubuta facebook.com, dole a nemo lambar IP ɗin shafin kafin a je ko'ina. Yawancinmu mun ɗauka DNS ake tambaya kai tsaye. To ba haka ba ne. Manhajar da kake ciki ma galibi ba ita ke yin neman ba, miƙa sunan take ga laburaren tsarin na'urar ta wani aiki mai suna getaddrinfo, shi kuma laburaren ya yanke wa za a fara tambaya. Kamar baƙo ne ya shigo gari yana neman gidan wani: zai fara duba 'yar takardar da ke aljihunsa, in babu ya tambayi mutanen layi, in ba su sani ba sai ya nufi ƙofar mai unguwa.

A Linux, sunan laburaren glibc, kuma jerin waɗanda za a tambaya yana rubuce a fayil ɗin /etc/nsswitch.conf. Kamfanin Sun ne ya yi fice da wannan tsari a Solaris, glibc ta ɗauka. Za ka ga layi kamar haka:

hosts: files dns

Daga hagu zuwa dama ake bi. Kalmar files tana nufin fayil ɗin /etc/hosts, wato takardar aljihu. Wannan fayil ya girmi DNS. A zamanin ARPANET fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT da ake ajiyewa a cibiyar SRI a Amurka, kowa ya kwafa, har na'urori suka yi yawa Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS a 1983. Amma ba a jefar da tsohon ba, har gobe shi ne a gaban layi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kowane wanda aka tambaya yana da amsa iri huɗu: na samu, babu wannan sunan, ba na aiki, ko a dawo anjima. Idan ya ce na samu, shi ke nan, ba a tambayar na gaba. Sauran ukun kuwa sai a wuce, sai dai in an rubuta sharaɗi. A Ubuntu za ka tarar da mdns4_minimal a tsakiya, da sharaɗin NOTFOUND=return a bayansa. Shi aikinsa sunayen da suka ƙare da .local, irin na firinta da ke kan Wi-Fi ɗin ofis. In ya ce babu, an rufe magana, DNS ko jin tambayar ba zai yi ba.

Na taɓa ganin aikin wannan jeri a wani shagon buga takardu. Kwamfuta ɗaya ta ƙi buɗe shafin da suke yi wa ɗalibai rajista, alhali na kusa da ita suna buɗewa, ga layin mutane har waje. Mai shagon ya ce, "Malam, mun gwada nslookup, lambar daidai take fitowa." Gaskiya ya faɗa, sai dai nslookup da dig ba sa bin layi, DNS suke zuwa kai tsaye. Da muka rubuta getent hosts da sunan shafin, wanda shi yana bin jerin, sai ga wata lamba daban. Wani mai gyara ne ya taɓa rubuta tsohuwar lambar a /etc/hosts ya tafi abinsa, shafin kuma ya sauya gida. Layi ɗaya muka goge.

To ina ruwan mai waya? Android a kan Linux aka gina ta, amma laburarenta Bionic ne, babu nsswitch.conf a ciki. An riga an ɗaure jerin: /system/etc/hosts tukuna, sannan DNS. A wayar da ba a taɓa ba, localhost kawai ke cikin fayil ɗin, kuma ba a iya gyara shi sai an yi wa wayar rut. Da shi ne AdAway ke toshe tallace-tallace, tana rubuta sunayen shafukan talla da lambar da ba ta kai ko'ina. Dabara ce mai kyau, amma ƙofar da aka bi aka toshe talla, ita za a bi a karkatar da sunan shafin bankinka zuwa wata na'ura. Shi ya sa ni ba na saka manhajar banki a wayar hannu-biyu da aka yi wa rut ban san wa ya yi ba. Kuma idan burauza ta yi maka gargaɗin cewa takardar shaidar shafi ba daidai ba ce, don Allah kada ka danna ci gaba.

Ɓangaren da ke hannunka shi ne na biyun. Tun Android 9, a 2018, akwai Private DNS a saitin intanet, inda za ka rubuta dns.google ko one.one.one.one. Ku lura da kyau: da zarar ka rubuta suna a wurin, wayar ba za ta koma ga DNS ɗin kamfanin layi ba idan wancan ya ƙi amsawa. Tashar 853 yake amfani da ita, kuma wasu Wi-Fi na makarantu da otel suna toshe ta. Sai ka ga sandunan sabis a cike, data na nan, amma komai ya tsaya cak. Kafin ka sake sayen data ko ka kai waya kasuwa, shiga wurin ka mayar da shi Automatic ka sake gwadawa.