Alƙalami Ko Madannai?

Muhawarar da ake yi tsakanin ɗalibai, wato ko mai ƙirƙira ya fara aikinsa da hannu ko kuwa ya faɗa wa madannan kwamfuta kai tsaye, ba sabuwa ba ce, kayan aikin ne kawai suka sauya. A garinmu Dutse da ƙauyukan da ke kewaye da shi, daga Kiyawa zuwa Jahun, yawancinmu da alƙalamin kara muka fara sanin rubutu. Almajiri zai feƙe karansa, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya rubuta allonsa, ya haddace, sannan ya wanke. Daga baya boko ya miƙa mana fensir da biro, yanzu kuma ga wayar salula a aljihun kowa. Ni dai na taɓa dukkan ukun, don haka ina ganin ina da ta cewa.

Bari in fara da waƙa, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan ma'auni take tafiya, dogon gaɓa da gajere, kamar yadda M.K.M. Galadanci ya nuna a 1975 cikin mujallar Harsunan Nijeriya, inda ya kwatanta karuruwan waƙoƙinmu da na Larabci. To, ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, saboda haka marubuci yana ganin nauyin gaɓa da idonsa tun kafin ya rera. Boko na yau da kullum bai nuna wannan ba. Wanda ke rubutu da hannu yana iya cike giɓin, ya ja ɗan layi a kan dogon wasali, ya yanka baiti ƙafa-ƙafa, ya jera kalmomin amsa-amo a gefen takarda yana zaɓa. Ni kaina haka nake yi, ina rubutu ina ƙirga gaɓoɓi da yatsun hagu. A kan waya kuwa manyan yatsun biyu duk suna bakin aiki, ido kuma yana kan kalmar da na'ura ke cusa maka, wadda sau da yawa ta Turanci ce.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabantar hukumar talifi a Zariya. Da hannu, lanƙwasa ba ta cin ko daƙiƙa guda. Keken rubutu irin na Ingila kuwa bai san da su ba, sai mai bugawa ya gama sannan a bi da biro ana ƙara ƙugiya. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubuta da yawa a littafin makaranta suke rubuta labari su kai wa masu buga takardu, kuma a wannan hanya ce ƙugiyoyin suka riƙa zubewa. Yau uzuri ya ragu, tun da Gboard ma yana da tsarin Hausa, amma sabo ya riga ya yi jijiya. Mai karatu zai tarar da kura inda ake nufin ƙura, kafa a wurin ƙafa, bata a wurin ɓata. Shi mai zube ma'anar jimla za ta cece shi. Mawaƙi da ya gina baitinsa a kan wasa tsakanin ƙarya da karya fa, wa zai cece shi?

Duk da haka ba zan ci amanar na'ura ba. Labarin da ya kai shafi 200, in aka ce a sake kwafe shi da hannu don an matsar da babi guda, wahala ce marar lada. Bugu da ƙari, waya ta buɗe ƙofa ga matan da ke cikin gida, waɗanda a da sai sun nemi mai kai musu rubutu Kano da kuɗin ɗab'i. Yanzu mace tana ɗakinta a Birnin Kudu za ta rubuta babi da dare, kafin hantsi an karanta shi a Maraɗi ta WhatsApp ko Wattpad. Illar ita ce saurin ya hana labari ya kwana, ana rubutawa ana saki, masu karatu na matsa lamba a ci gaba, marubuciya ba ta da damar komawa ta gyara farko bayan ta ga ƙarshe.

Hasali ma, kada mu ɗauka hikima a yatsa take. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne, a zuci yake tsara baitocinsa wasu su rubuta. Kunnensa ya yi masa aikin da takarda ke yi mana.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin adabi shi ne makomar daftari. Takardar da aka soke kalma aka ɗora wata a kanta tana gaya wa manazarci yadda tunanin marubuci ya yi tafiya, abin da ya fara so da abin da ya ƙi. Kwamfuta in ta goge, ta goge ke nan, shafin kullum fes yake kamar haka ya sauko. Wanda zai nazarci marubutan Jigawa na wannan zamani nan da shekara 50 zai sami kammalallen aiki, in ma wayar ba ta lalace da shi ba, amma da wuya ya ga matakan da aka taka. Don haka waƙoƙina a littafi mai bango nake fara su, ina sa kwanan wata a kan kowane gyara, sai na rera baiti ya zauna a baki sannan in kai shi kan madannai. Zube kuwa na sallama wa kwamfuta, sai dai ina ajiye kowane kwafi da sunansa daban, na ɗaya, na biyu, na uku.