Abba, Ka Fara Duba Buloki

Ɗana Abba,

Ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Amurka bai takura maka ba. Mahaifiyarka ta nuna mini hoton tsohuwar Dodge Ram ɗin da ka saya, ta ce kana son ka haɗa mata injin Cummins mai ƙarfin gaske. Na daɗe ina kallon hoton nan, raina fes. Sai dai a saƙonka na ji tobo, na ji famfon mai, ban ji ka ambaci bulokin injin ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ka san injin dizal ba ya amfani da fulogi, matsi ne ke kunna masa mai. Duk ƙarfin da ka ƙara, buloki ne zai sha shi. Idan ya gaza, sauran kayan da ka kashe wa kuɗi za su bi shi.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Mai lita 5.9, wanda aka fara sa wa Ram a 1989, faɗin silindarsa milimita 102 ne. Mai lita 6.7 da ya gaje shi a 2007 nasa 107 ne, ya fi shi numfashi da saurin tayar da tobo, amma tazarar da ke tsakanin silindoji ta ragu, don haka gaskit ya fi wahala idan matsi ya yi yawa. Ni da ni ne, 5.9 zan ɗauka. Sai dai ka tsuguna ka karanta lambar da ke jikinsa, can ƙasa-ƙasa. In ka ga 53, ka bar musu kayansu komai sauƙin kuɗinsa. Irin waɗannan, na wajen shekarar 2000, bangonsu ba kauri, sukan tsage a gefen dama su riƙa zubar da ruwa. Araha ba ta ado.

Ka tuna kana ɗan shekara tara, ranar da na sa ka riƙe mini tocila a gareji? Muka wanke wani buloki da kananzir, muka goge, na shafa masa garin alli. Can sai ga wani layi siriri kamar gashi ya jiƙe ya fito. Ka ce, “Baba, ai ɗazu babu shi.” Yana nan, idonmu ne bai kai ba. A can Amurka suna da na'urar maganaɗisu mai wannan aikin. Ka biya a gwada maka, a auna silinda ɗaya bayan ɗaya, kafin ka sayi ko da noti guda.

Kai ne za ka zauna bayan sitiyarin nan, Abba, shi ya sa nake ta nanatawa. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, ka turo mini hoton lambar tukuna.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hanya.

Mahaifinka.